Cin Tapas da Iyali a Sifaniya: Tambayoyi da Amsoshi

An bar sunayen abinci da rubutun Sifaniyanci, domin haka za ku gan su a allo ko a takardar abinci. Harafin j a bakinsu kamar h yake fita, saboda haka jamón, wato busasshen naman cinyar alade, ana kiran sa hamon. Ku riƙe wannan kalmar, za ta yi ta dawowa.

Mene ne tapas ɗin ma tukuna?

Tapa ɗan abinci ne a ƙaramin faranti, loma huɗu ko biyar, ana ci ana hira da abin sha a gefe. Kowane irin girki yana iya zama tapa in an rage shi: kifi, ƙwai, dankali, zaitun. Kalmar tana nufin murfi, kuma labarin da aka fi ji shi ne wai a da ana rufe bakin kofi da yankan burodi saboda ƙuda. Kowane gari da nasa ƙaulin.

'Yan ƙasa ba sa zama wuri guda. Su ci faranti biyu a nan, su biya, su matsa gida na gaba, domin kowane gida da abin da ya ƙware a kai. Titin Laurel a Logroño, Cava Baja a Madrid, da tsohuwar unguwar San Sebastián, garin ƙungiyar Real Sociedad, duk da wannan yawon suka yi suna. Mai tafe da ƙananan yara da tsohuwa ba zai jure wannan zirga-zirgar ba. Gida ɗaya ya wadatar, biyu in ana marmari.

Mun ga tapa, media ración da ración a gaban abinci ɗaya, kowanne da kuɗinsa. Wanne za mu ce?

Girki ɗaya ne, faranti ne ya bambanta. Tapa na mutum ɗaya ne. Ración babban faranti ne da mutum uku ko huɗu za su sa hannu. Media ración rabinsa ne, sai dai kuɗinsa kan ɗara rabi kaɗan. Ga iyali, ración da media sun fi riba, kuma gidaje da yawa, musamman a Sebiya, ba sa kai tapa tebur, sai a kanta.

A yankin Bask, wato Bilbao da San Sebastián, pintxo ake cewa, ana kiran sa pinco. Yankan burodi ne da aka ɗora wa wani abu aka soke da tsinke, an jera su a kan kanta. Masu zafi kuwa a allo ake rubuta su, sai an ce a dafa, kuma galibi su suka fi daɗi. A wasu gidajen, kamar na titin Blai a Basalona, da tsinkayen ake lissafin kuɗi, don haka kada yaro ya zubar da nasa.

Ƙarfe nawa ya kamata mu je?

Nan baƙi suka fi shan wahala. Abincin rana daga 2 zuwa 4 ne, na dare daga 9 zuwa 11. Tsakanin 4 da 8 ƙofa na iya kasancewa a buɗe amma an kashe wuta a kicin, ba abin da za a samu sai mai sanyi. Tun 1940 agogon ƙasar yake gaba da rana da awa ɗaya, da bazara awa biyu, shi ya sa a ƙarshen Yuni magariba a Madrid sai kusan 10 saura kwata.

Dabarar masu yara ita ce zuwa da zarar an buɗe: 1 na rana ko 1 da rabi, ko 8 na dare. A lokacin akwai tebur, man suya sabo ne, kuma mai sabis yana da sararin amsa tambaya. Da 9 da rabi, ko muryarku ba zai ji ba. Gidaje da yawa na hutu Lahadi da dare ko Litinin, wasu kuma su rufe makonni a Agusta. In kun kai mutum shida, ku buga waya ku kama tebur.

An ce wuraren mashaya ne. Ana shiga da yara?

Gaskiya ne ana sayar da giya, kuma za ku ga ana sha a teburin kusa da ku. Amma bar a Sifaniya shi ne wurin karin kumallo, shan kofi, kallon ƙwallo da haɗuwar dangi. Kakanni da jarirai suna nan har 11 na dare, ba mai kallonsu. Tun 2011 an hana shan taba a ciki.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zama inda ake shan giya ba yana da mafita. A Giranada akwai layin Calderería Nueva mai gidajen shayi da abincin Maroko, a Madrid akwai Lavapiés, a Basalona akwai Raval, duk cike da gidajen abincin Musulmi.

Kanta, tebur ko waje?

Barra, wato kanta, ta fi sauri kuma wani lokaci ta fi araha, amma a tsaye ake ci ko a kan dogayen kujerun da yaro zai iya faɗowa. Terraza, wato teburan waje, tana iya ɗaukar ƙarin kuɗi, kuma dole a rubuta ƙarin a takardar abinci. Duk da haka ita ce ta iyali, musamman in tana bakin dandalin da mota ba ta shiga, inda yara za su yi guje-guje kuna ganinsu. Illarta biyu: masu shan taba, da masu sanen waya. Kada a ajiye waya a kan tebur, kada a rataya jaka a bayan kujera.

Kujerar jariri sunanta trona. Ba kowane gida ke da ita ba, kuma tsofaffin gidaje ƙofarsu ba ta ɗaukar keken jarirai.

Faranti nawa zai ishe mu?

Babba ɗaya yakan ƙoshi da tapa uku ko huɗu. In ración ne, ku ƙirga manya, ku sa faranti ɗaya a kan kowanne, ku ƙara ɗaya saboda yara biyu ko uku. Manya biyu da yara uku: ración uku da burodi, sai media biyu in ba a ƙoshi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗin komai a tashi ɗaya. Kicin ba ya bin jeri, duk abin da ya nuna shi ake turowa. In kuka ce faranti takwas, cikin minti goma za su cika ɗan teburin, soyayyen kifi ya huce ya yi laushi kafin a kai gare shi. Ku fara da biyu masu sanyi da ɗaya mai zafi. In an kusa cinyewa, ku ƙara biyu. Ba wanda zai ɗaure muku fuska don kun kira shi sau uku, haka ake yi. Abin da ake ƙirgawa, kamar croquetas, ku tambayi adadinsa: ¿Cuántas vienen? Guda shida a gaban yara huɗu rigima ce.

Ba ma cin alade. Yaya za mu yi?

Wannan ita ce babbar tambaya. Na fili ba shi ne matsala ba: cinyoyin da ke rataye a saman kanta kowa ya gan su. Sunayen da za ku haddace su ne cerdo, wato alade, sai jamón, chorizo, lomo, panceta, tocino, beicon, morcilla, sobrasada, torreznos, chicharrones, da manteca, kitsen alade. Duk naman da kuka ga an rubuta wa ibérico, alade ne. Secreto, presa da pluma sunayen yankan jikinsa ne, ko da ba a rubuta cerdo ba.

Matsalar tana wurin da ba ku zata ba, domin a girkinsu jamón kamar daddawa yake, ana barbaɗa shi don ɗanɗano. Croquetas, waɗannan dunƙulen madara da fulawa da ake soyawa, in ba a faɗi cikinsu ba to jamón ne. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta Kordoba, ba nama a cikinta, amma da ƙwai da jamón ake ƙawata samanta. Huevos rotos, ƙwai a kan dankali, haka. Wake, koren wake da naman kaza na lema, wato champiñones, sau da yawa da shi ake soya su. Albóndigas, dunƙulen nama, yawanci haɗin sa da alade ne, duk da cewa sunan daga Larabci ya fito. Pincho moruno yana kama da tsire, sunansa ma na nufin na Larabawan Magrib, amma a mafi yawan gidaje alade ne. Callos a Madrid tumbin sa ne, sai dai da chorizo ake dafa shi. Carrillada, naman kumatu, da solomillo al whisky na Sebiya, su ma alade ne galibi. Flamenquín da san jacobo, waɗanda ake yawan miƙa wa yara, jamón ne a naɗe.

Saura biyu da ido ba ya gani. Na farko romo: ana jefa ƙashin jamón a tukunyar romon da ake zuba wa shinkafa, wake, har miyar patatas bravas, soyayyen dankali mai ɗan yaji, a wasu gidaje. Na biyu kitse: cukun da aka lulluɓe da ganyen romero sau da yawa da manteca ake manna ganyen, haka kayan zaƙi irin su polvorones, mantecados da ensaimada.

To me za mu ce wa mai sabis?

Kada ku ce ba kwa cin nama. Ga mutane da yawa a can, jamón ba ya cikin lissafin carne, sai a kawo muku faranti da shi a sama da zuciya ɗaya. Ku ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya: No comemos cerdo, ni jamón, ni chorizo, ni tocino, ni manteca. Ku rubuta a takarda ku miƙa, domin a kai wa mai girki. Sannan a kan kowane faranti ku sake tambaya: ¿Lleva jamón? Ma'ana, akwai jamón a ciki? Inda barbaɗawa kawai ake yi, sin jamón, por favor ya isa.

Mai tsananin kiyayewa ya tambayi man suya: ¿Se fríe en el mismo aceite? Ƙaramin gida tukunyar suya ɗaya ko biyu gare shi, inda aka soya croquetas nan ake soya dankali. Gidajen soyayyen kifi na Kadis da Malaga, freiduría, sun fi sauƙi ta wannan fuskar tunda kifi ne sana'arsu.

Kaza da naman sa fa?

A gidan tapas na gama-gari ba yankan Musulunci ba ne, sai in an rubuta. Akwai Instituto Halal mai hedikwata a Kordoba da ke ba da takardar shaida, kuma gidajen da suka samu sukan manna ta a ƙofa. Rabo de toro, wutsiyar sa, da jan giya ake dafa ta, pollo al ajillo, kaza da tafarnuwa, kuma sau da yawa da farar giya. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya ga kifi, ƙwai da ganye. A mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, kuma su ne rabin abin da ake alfahari da shi a ƙasar.

Idan an cire duk wannan, me ya rage?

Da yawa. Tortilla de patatas, wainar ƙwai mai kauri da dankalin turawa da man zaitun, ita ce ta farko, kuma da wuya yaro ya ƙi ta. ('Yan ƙasar har yau ba su gama gardamar ko a sa albasa ko kada a sa ba.) Sai pan con tomate, burodi da aka goga wa tumatir da mai. Espinacas con garbanzos, alayyafo da wani wake mai kama da gurjiya, na Sebiya. Berenjenas con miel, soyayyen yalo da aka yarfa wa zumar rake, na Kordoba da Malaga. Pisto, wanda ba shi da nisa da miyar tumatir da tattasai. Gazpacho, miyar tumatir mai sanyi da ake sha lokacin zafi. Ensaladilla rusa, dankali da kifin tuna da mayonis.

A ɓangaren teku akwai boquerones fritos, ƙananan kifi soyayyu. Cazón en adobo, kifin da aka jiƙa a ruwan tsami da kayan ƙamshi aka soya. Tortillitas de camarones, siraran ƙosai na jatan lande daga Kadis. Da sardin da ake gasawa a tsinke a bakin tekun Malaga. Gambas al ajillo jatan lande ne a kaskon ƙasa, cikin mai da tafarnuwa yana tafasa, kuma burodin da aka dangwala a man ya fi jatan landen daɗi. Pulpo a la gallega, dabbar nan ta teku mai hannuwa takwas, a kan dankali, tana da tsada amma ta cancanci a ɗanɗana sau ɗaya.

Wanda ya saba da attarugu kada ya sa rai da yaji. Abin da suke kira picante ba zai motsa ku ba. Ɗan ƙullin yaji a jaka ba laifi ba ne.

Me za mu sha, kuma ina giya ke ɓuya?

Sangría, tinto de verano, clara, vermut da sidra duk giya ne, ko da sun yi kama da lemo. Ku nemi zumo de naranja natural, lemon zaƙi da ake matsewa nan take, ko gaseosa, ko mosto, ruwan inabi mara giya. Amma a kula: a Jerez da ƙauyukan kusa da Sebiya, da sanyi, mosto na nufin sabuwar giya. A can ku ce zumo de uva. Kwalbar giyar da aka rubuta wa sin kawai, wato wai ba barasa, doka ta yarda ta ɗauki abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na barasa ba, ta bambanta da mai alamar 0,0.

A girki, ku lura da al vino, al Jerez, a la sidra da a la marinera, domin galibi da giya ake yin su. Wasu na yarfa giya a gambas al ajillo, wasu na kwaɓa fulawar calamares da ita. Tambayar ita ce ¿Lleva vino o cerveza?

Ruwan famfo, agua del grifo, kyauta ne bisa dokar 2022. In kuka ce agua kawai, na kwalba za a kawo a sa a lissafi. A Balensiya kuma ku nemi horchata: kunun aya ne sak, mai sanyi da sukari, har ma ƙasar na sayen aya daga Nijar da maƙwabtanta. A shagunanta na musamman ake samun ta, ba a gidan tapas ba.

Me ke cutar da yara a irin wannan tebur?

Ƙwallon zaitun, tsinke, da ƙayar kifi. Zaitun ɗin da ake ajiyewa da zarar kun zauna yawanci da ƙwallonsa, ku janye shi daga gaban ɗan ƙasa da shekara biyar, haka soyayyen almon. Kaskon gambas yana riƙe zafi minti da yawa, a sa shi tsakiyar tebur. Croqueta bayanta na hucewa cikinta yana ƙuna, a fasa ta biyu kafin a ba yaro. Pimientos de Padrón, ƙananan koren tattasai, yawancinsu ba yaji, amma jefi-jefi ɗaya kan yi zafi, kuma ba a gane shi da ido.

Gidaje da yawa na barin tsakiyar tortilla da ruwa-ruwa. Ga ƙaramin yaro da mai juna biyu, ku ce bien cuajada, wato ta nuna sosai. Boquerones en vinagre ɗanyen kifi ne da aka jiƙa a ruwan tsami. Doka ta tilasta a daskarar da shi tukuna a sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifiri, aƙalla awa 24, saboda tsutsar anisakis, amma duk da haka soyayyen ya fi dacewa da yara.

Ɗanmu yana da borin jini in ya ci wasu abubuwa.

Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Disambar 2014 ta wajabta bayyana abubuwa 14, ciki har da alkama, ƙwai, madara, kifi, jatan lande, gyaɗa, riɗi da waken suya. Ku nemi carta de alérgenos. Almon yana ɓuya a ajoblanco da miyar romesco. Alade ba ya cikin 14 ɗin, saboda haka wannan takardar ba za ta amsa waccan tambayar ba. Lambar gaggawa 112.

Da gaske a wasu garuruwa kyauta ake ba da tapa?

A Giranada, Almería, Jaén da León, galibi abin sha da tapansa yake zuwa. Sai dai a wurare da yawa gidan ne ke zaɓa, kuma sau da yawa alade ne. Ku faɗi sin cerdo tun lokacin da kuke faɗin abin sha, kafin faranti ya baro kicin. A Madrid abin da za a ba ku galibi bai wuce zaitun ko soyayyen dankali ba.

Nawa za mu kashe, kuma yaya ake biya?

A ƙiyasi, tapa Yuro 3 zuwa 5, media 6 zuwa 10, ración 10 zuwa 18, pulpo ya haura 20. Iyali mai mutum biyar da ba sa shan giya su tanadi Yuro 70 zuwa 100. Harajin kashi 10 yana cikin farashin. Burodi ana sa masa kuɗi, in ba kwa so ku mayar tun ba a taɓa ba. S/M na nufin farashin kasuwar ranar, wani kifin kuma a kan giram 100 ake rubuta kuɗinsa, ku tambayi jimla kafin a ɗora a wuta.

Ba a kawo lissafi sai an nema: la cuenta, por favor. Takarda ɗaya ake kawowa ta tebur duka. Tukuici ba dole ba ne, Yuro biyu ko uku ya yi. A wasu tsofaffin gidaje, kamar El Rinconcillo na Sebiya da ke aiki tun 1670, da alli ake rubuta lissafi a kan kanta, kada gwiwar hannu ta goge shi.

Mu haɗa da paella?

Paella girkin shinkafa ce a faffaɗan kasko, ba tapa ba ce. Abincin rana ne, ana dafa ta bayan an nema, aƙalla ta mutum biyu, kuma tana cin minti 20 zuwa 30. In ta iso cikin minti biyar, ɗumame ce. Gidan da ya kafa allon hotunan paella kala shida a ƙofa, da mai kiran mutane a bakin titi, ku wuce shi. Ta asali ta Balensiya da kaza da zomo ake yi, ta kifi ita ce de marisco, kuma a nan ma ku tambayi romon.

Abinci ya rage, ko an yi mana lissafin da bai yi ba.

Ku ce para llevar a ƙunsa muku. Dokar 2025 kan ɓarnar abinci ta ba ku wannan haƙƙin, sai dai ana iya karɓar kuɗin roba. In lissafi ne, ku gwada shi da takardar abinci layi-layi, domin galibi kuskuren na teburin kusa ne da aka haɗa da naku, ko burodin da kuka mayar. In aka ƙi gyarawa, ku nemi hoja de reclamaciones, takardar koke ta hukuma da doka ta tilasta wa kowane gida ajiyewa. A cike ta a wurin, ku riƙe kwafinku tare da rasit, ku kai ofishin kare masu saye na ƙaramar hukumar garin.